Sanin Dutse Kafin Haƙa: Dangantakar Duwatsun Aman Wuta da Duwatsu Masu Daraja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a karkarar ƙasar nan ya san yadda labarin dutse yake tashi. Wata rana sai a ji an ce wani manomi ya tsinci wata shuɗiyar tsakuwa a bakin rafi, wani baƙo kuma ya saye ta da kuɗin da ya isa sayen babur. Kafin mako ya zagayo daji ya zama kasuwa. Matasa sun ajiye fartanya sun ɗauki diga da shebur, masu tuwo da masu shayi sun kakkafa rumfuna, ɗalibai sun fara ƙaurace wa aji. Bayan wata uku ko huɗu sai a watse. Mutum biyu ko uku sun samu, ɗaruruwa sun koma gida da bashi, gonaki sun zama ramuka, wani lokaci ma har da wanda rami ya rufta da shi. Idan aka tambayi waɗanda suka dawo hannu rabbana abin da ya faru, amsarsu ɗaya ce: babu rabo.

Babu mai musun rabo. To amma manomi ma ya yarda da rabo, duk da haka ba ya shuka shinkafa a jigawa, ba ya kuma kai gero fadama. Ya san kowace ƙasa da irin amfanin da take karɓa, kuma wannan sani ya riga shuka. Ra'ayin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, haka abin yake ga duwatsu masu daraja. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da irin dutsen da yake tafiya tare da shi, saboda haka sanin dutse shi ne jarin farko na mai haƙa, kuma al'ummar da take zaune a kan dutse ba tare da ta san shi ba za ta yi ta wahala wasu suna kwashe riba. Za a taƙaita bayani a kan duwatsun da aman wuta ya haifar, domin a nan ne wannan dangantaka ta fi fitowa fili.

2.0 Yadda Duwatsun Wuta Suke Samuwa

Masana ilimin ƙasa sun karkasa duwatsu gida uku. Akwai waɗanda suka samu daga daskarewar narkakken dutse, su ne duwatsun wuta. Akwai waɗanda suka samu daga taruwar yashi da laka da ɓawon halittun ruwa, kamar farar ƙasar da ake yin siminti da ita. Sai kuma waɗanda zafi da danniya suka sauya wa kama a cikin ƙasa. Kashi na farko shi ne abin nazarinmu.

A can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi kan narkar da dutse ya zama ruwa-ruwa. Idan wannan narkakken dutse ya sami kafa ya fito sarari, shi ne ake cewa dutse ya yi aman wuta. Da yake a waje yake hucewa, kuma cikin hanzari, ƙwayoyinsa kan zama ƙanana ƙwarai, ido ba ya iya rarrabe su. Idan kuwa ya maƙale a ciki ya huce sannu a hankali cikin dubban shekaru, ƙwayoyinsa kan yi girma har a iya ƙirga su da ido.

Abu na biyu da yake bambanta waɗannan duwatsu shi ne yawan wani sinadari da ake kira silika, wanda shi ne asalin farin yashi da dutsen ƙanƙara. Narkakken dutsen da silikarsa ba ta da yawa, wato kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari, tsinkakke ne kamar koko, yakan malala ya yi nisa. Idan ya daskare sai ya zama baƙin dutse mai nauyi da ake kira basal. Wanda silikarsa ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari kuwa kauri gare shi kamar talge, ba ya gudu, kuma sau da yawa da fashewa yake fitowa yana watsa toka. Idan ya daskare a waje sunansa rayolait, mai haske-haske ko ja-ja. Idan a cikin ƙasa ya huce, shi ne giranait, irin dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Ke nan rayolait da giranait uwa ɗaya uba ɗaya suke, wurin hucewa ne kawai ya raba su.

Dangantakar waɗannan duwatsu da duwatsu masu daraja iri uku ce. Wani lokaci dutsen wuta ɗan dako ne, wani lokaci mai masauki ne, wani lokaci kuma shi ne mahaifi. Rarrabe waɗannan ukun shi ne mabuɗin fahimtar al'amarin baki ɗaya.

3.0 Dutsen Wuta a Matsayin Ɗan Dako

3.1 Daiman da Kimbalait

Daiman, wanda wasu kan kira lu'ulu'u, ba a cikin dutse mai aman wuta yake samuwa ba. Asalinsa sinadarin kabon ne, irin na gawayi, wanda tsananin zafi da danniya suka dunƙule a zurfin kilomita 150 zuwa 200. Da yawa daga cikin daiman da aka auna sun haura shekara biliyan ɗaya, wasu sun zarce biliyan uku. Babu ramin da ɗan Adam ya taɓa haƙawa da ya kusanci wannan zurfi. Abin da yake fito da daiman wani irin narkakken dutse ne mai yawan iska, wanda kan taso da gudu daga wannan zurfi ya huda ɓawon ƙasa, yana ɗauke da duk abin da ya tarar a hanya. Idan ya daskare sai ya bar wani dogon bututu mai siffar karas, faɗi a sama, tsini a ƙasa. Sunan wannan dutse kimbalait, an kuwa samo sunan ne daga garin Kimbali na Afirka ta Kudu.

Tarihin garin nan kansa darasi ne. A shekarar 1871 aka gano daiman a wurin, dubban mutane suka yi ca. Suna cikin haƙa wata ƙasa mai laushi, ruwan ɗorawa, sai suka iske wani shuɗin dutse mai tauri a ƙarƙashinta. Da yawa suka ɗauka arziki ya ƙare, suka sayar da filayensu da araha suka kama gabansu. Ashe ƙasar nan mai ruwan ɗorawa shuɗin dutsen ce da ruwa da iska suka ruɓar, ainihin taskar tana ƙasa. Waɗanda suka fahimci haka suka saye filayen, aka ci gaba da haƙa har shekarar 1914, aka fitar da daiman da nauyinsa ya haura kilo 2,700 daga wannan rami guda. Diga iri ɗaya suka riƙe, rana ɗaya ta dake su, sanin dutse ne ya raba mai samu da mai asara.

Sai dai ba kowane kimbalait ne yake ɗauke da daiman da ya isa a kafa masa ma'adana ba. An gano dubbai a duniya, amma kimanin ɗaya cikin ɗari ne ya cancanci haƙa. A shekarar 1966 wani masani mai suna Clifford ya lura cewa masu albarkar sun fi taruwa a kan tsoffin sassan ɓawon ƙasa masu kauri, waɗanda suka haura shekara biliyan biyu da rabi. Wannan ne ya sa ake samun su a Afirka ta Kudu da Botsuwana da Saliyo da Rasha da Kanada. A Botsuwana, rairayin hamadar Kalahari ya binne duwatsun, don haka masu bincike suka riƙa tace ƙasa suna neman wasu ƙananan ƙwayoyi ja da baƙi da aka san suna rakiyar daiman, har da waɗanda gara ta fito da su daga zurfi ta zuba a kan suri. Ta hanyar bin sawun irin waɗannan alamu aka gano Orapa a 1967, daga baya kuma Jwaneng, wadda aka buɗe a 1982. Waɗannan ma'adanai ne suka fitar da ƙasar daga sahun matalautan ƙasashe.

3.2 Safaya da Basal

Misali na biyu ya fi kusa da gida. Shuɗin yaƙutu, wanda masu haƙa suke kira safaya, yana da asali fiye da ɗaya, amma wani kaso mai yawa nasa basal ne yake yi masa dako. A nan ma dutsen ya riga ya samu a cikin ƙasa, narkakken basal ya biyo ta kansa ya ɗauko shi. Safayar da ta zo ta wannan hanya tana da alamu: akwai ƙarfe da yawa a cikinta, shi ya sa launinta kan zama shuɗi mai duhu, ko kore, ko ruwan ɗorawa, kuma akan same ta tare da ƙwayoyin zirkon da wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙyalli. Haka ake samun ta a Inverell da Anakie na Ostareliya, da Chanthaburi na Tailan, da Pailin na Kambodiya. Ta wannan hanya kuma basal yake fito da koren dutsen nan zabarjadi, kamar yadda ake haƙarsa a San Carlos ta jihar Arizona a Amurka.

Abin lura a nan shi ne, da wuya a ga mai neman safaya yana fasa baƙin dutse. Basal ba ya jure ruwa da rana, cikin dogon zamani yakan ruɓe ya zama jar ƙasa mai danƙo. Ita kuwa safaya tauri gare ta. A ma'aunin taurin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daiman ne na 10, yaƙutu na 9, dutsen ƙanƙara na 7. Bugu da ƙari ta fi yashi nauyi nesa, domin ta ninka nauyin ruwa sau huɗu, alhali yashi bai kai sau uku ba. Saboda haka idan ruwan sama ya wanke ruɓaɓɓen basal, laka da yashi sukan wuce, safaya ta nutse ta taru a cikin tsakuwar gindin rafi, musamman a kwana da bayan manyan duwatsu. Wanda ya san wannan, idan ya tsinci ƙwaya ɗaya a rafi, tambayar da zai fara yi ita ce: daga wane tudu ruwan nan ya gangaro?

4.0 Dutsen Wuta a Matsayin Mai Masauki

Narkakken dutse yana ɗauke da iska, kuma yayin da yake daskarewa iskar kan bar ƙofofi a cikinsa kamar idon burodi. Wasu ba su wuce ƙwayar gero ba, wasu mutum zai iya shiga ya tsaya. Daga baya ruwa mai ɗauke da narkakkiyar silika kan tsiyaya ya shiga waɗannan ƙofofi, ya riƙa ajiye ta shafi bisa shafi. A nan dutsen wuta ɗaki kawai ya bayar, baƙon daga baya ya iso.

Ta haka aƙiƙ yake samuwa, kuma layukan da ake gani a jikinsa su ne shafukan nan. Aƙiƙin Yaman da alhazai kan sawo a zobe daga duwatsun aman wuta na ƙasar ake ciro shi. Na Indiya daga shimfiɗaɗɗen basal na yankin Deccan yake, kuma garin Khambhat ya shafe ɗaruruwan shekaru yana sarrafa shi ya zama duwatsun wuya da fatake suka riƙa kaiwa har Afirka. A kudancin Barazil da arewacin Yurugwai akwai wani basal mai shekara fiye da miliyan 130 wanda ƙofofinsa suke cike da ametis, wato dutsen ƙanƙara mai launin shunayya. Daga can masu sana'ar garin Idar-Oberstein na Jamus suka riƙa sayo aƙiƙ a ƙarni na 19, bayan nasu ya yi ƙaranci, suna gogewa suna rinawa suna aikowa kasuwannin Afirka.

Dangin rayolait ma sukan ba da masauki. Tokar da irin wannan dutse ya watsa cike take da silika, idan ta ruɓe sai ruwa ya kwashe silikar ya zuba a tsaga da ƙofofi, ta daskare ta zama ofal, dutsen nan mai walƙiya da launukan bakan gizo. A shekarar 2008 aka gano irinsa kusa da ƙauyen Wegel Tena a lardin Wollo na Habasha, cikin wani siririn shafi tsakanin daskararrun tokokin aman wuta, kuma cikin 'yan shekaru ƙasar ta shiga sahun gaba a wannan kasuwa. Jan ofal na Querétaro a Meziko ma cikin rayolait yake.

5.0 Dutsen Wuta a Matsayin Mahaifi

A nau'i na uku, dutse mai daraja daga jikin narkakken dutsen kansa yake fitowa. Yayin da narkakken dutse mai yawan silika yake hucewa, ƙwayoyin da aka saba da su sukan fara daskarewa, su bar wani ragowar ruwa mai zafi wanda sinadarai masu wuyar samu suka taru a cikinsa, irin su beriliyam da boron da fulorin da litiyam. Wannan ragowa ita ce kamar man da ya taso bayan an gama kaɗa nono. Idan a waje abin ya faru, tururin kan ajiye ƙwayoyin tofas a ƙofofin rayolait, kamar yadda ake gani a tsaunukan Thomas na jihar Utah a Amurka. Idan a cikin ƙasa ne, ragowar kan kutsa cikin tsagogin duwatsun da suke kewaye ta daskare ta zama jijiyoyi masu manyan ƙwayoyi, waɗanda ake kira fegmatait. A cikinsu ake samun tomalin da akwamarin da tofas.

Zumurrudu ya fi waɗannan wuyar sha'ani, domin sai an yi gamo. Beriliyam daga dangin giranait yake zuwa, sinadarin da yake ba shi koren launi kuwa, wato kuromiyam ko banadiyam, galibi a wasu duwatsu dabam yake. Sai inda ruwan ɗayan ya ratsa jikin ɗayan ake samun zumurrudu, shi ya sa masu nemansa suka fi mai da hankali ga iyakar da duwatsu iri biyu suka haɗu.

6.0 Taswirar Gida

Idan muka ɗora wannan bayani a kan ƙasarmu, za mu ga abubuwan da muke ɗauka dace ne ashe a tsare suke.

Da farko akwai yankunan basal. Tudun Biu a jihar Barno, da wasu sassan tudun Jos kamar Panyam da Kerang, da tudun Mambila a jihar Taraba, duk suna da duwatsun da aman wuta ya bari, har da tsoffin bakunan wuta da suka zama tafkuna, irin su tafkin Tila kusa da Biu. Dutsen Wase ma toshiyar maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta ce, wadda ta rage a tsaye bayan jikinsa ya zaizaye. Biu da Mambila suna da nasaba da jerin duwatsun da ya ratsa Kamaru, inda Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Ba abin mamaki ba ne da aka sami safaya a Mambila, da yankin Nisama na ƙasar Jama'a a kudancin Kaduna, da kuma Adamawar Kamaru.

Na biyu akwai jerin duwatsun da masana suke kira sababbin giranait. Sun faro daga tsaunukan Azbin a Jamhuriyar Nijar, suka biyo ta Damagaram, suka ratso Riruwai da Ningi da Jos, suka dire a tsaunukan Afu na jihar Nasarawa. Na Azbin sun haura shekara miliyan 400, suna raguwa yayin da ake yin kudu, har zuwa na Afu masu kimanin miliyan 140. Waɗannan saiwoyin tsoffin duwatsu masu aman wuta ne da kawunansu suka zaizaye, kuma har yanzu akwai ragowar rayolait a Ningi da Riruwai. Su ne suka ba Jos kuza, kuma a tare da su ake samun tofas da akwamarin. A gefensu ne, wajen Gwantu da Nasarawa Egon, aka sami zumurrudu.

Na uku akwai ɗamarar fegmatait mai shekara fiye da miliyan 500, wadda ta miƙe daga jihohin Oyo da Ekiti ta biyo ta Keffi da Wamba. Tomalin da akwamarin masu yawa daga nan suke fitowa, kuma a cikin irin jijiyoyin nan ne ake haƙar litiyam da ake rububi a 'yan shekarun nan.

Na huɗu kuwa akwai yankunan da dutsensu na taruwar yashi da laka ne, kamar mafi yawan ƙasar Sakkwato da kwarin tafkin Chadi. Arzikinsu dabam ne, misali farar ƙasar simintin Kalambaina. Wanda ya je neman safayar basal a irin wannan wuri ya yi daidai da mai neman kifi a fako.

7.0 Wani Hanzari Ba Gudu Ba

Mai karatu yana iya kawo suka iri uku, kuma kowace tana da ƙamshin gaskiya.

Ta farko, ba duk dutse mai daraja ne yake da alaƙa da aman wuta ba. Jan yaƙutun Mogok na ƙasar Bama cikin farar ƙasar da zafi ya sauya yake. Safayar Siri Lanka daga duwatsun da suka sauya kama take. Zumurrudun Muzo na Kolombiya cikin baƙar daskararriyar laka ake samunsa, ofal na Ostareliya kuma cikin duwatsun yashi. Wannan gaskiya ne, sai dai ƙarfafa maganarmu yake yi, domin a kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai takamaiman dutsen da ake bi.

Ta biyu, masana kansu sukan yi kuskure. An daɗe ana ɗauka kimbalait kaɗai yake dakon daiman mai yawa, sai ga ma'adanar Argyle a Ostareliya, wadda dutsenta wani iri ne dabam mai suna lamfuroyit, ta zama ɗaya daga cikin mafiya yawan daiman a duniya kafin a rufe ta a watan Nuwamba na 2020. To amma wa ya gano ta? Masu bincike ne da suka bi sawun ƙwayoyi a rafi har zuwa tushensu. Ilimi ne ya gyara kuskuren ilimi.

Ta uku, kuma ita ce mafi nauyi, sau da yawa makiyayi ko manomi ne yake fara tsintar dutse, kafin wani mai digiri ya iso. Haka ne, kuma tsofaffin masu haƙa suna da sani na gaske: sun san launin ƙasar da ake bi, sun san baƙaƙen ƙwayoyin da suke yi wa safaya rakiya. Wannan ma sanin dutse ne, ko da ba a rubuce yake ba, kuma ya cancanci girmamawa. Matsalar tana ga ɗaruruwan da suke biyo baya da jin labari kawai. Tsintuwa takan nuna cewa akwai abu, amma ba ta faɗin inda ya taru, ko yawansa, ko inda ya ƙare. Har ila yau, ganin baƙin dutse ba tabbacin safaya ba ne, domin wani nau'in basal ne kawai, mai tasowa daga zurfi sosai, yake ɗauko ta. Sanin dutse yana nuna inda ya kamata a duba, yana kuma hana ɓata ƙarfi inda babu dalili.

8.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Asarar da rashin sani yake jawowa ba ta tsaya ga aljihun mai haƙa ba. Jar ƙasar da basal yake bari tana cikin mafiya albarkar ƙasashen noma. Ita ce take ba da dankalin Turawa a wasu sassan Filato, a tudun Mambila kuma ga ganyen shayi da makiyaya mai kyau. Idan aka birkice gona saboda jita-jita, an sayar da abincin shekara da shekaru don kuɗin da wataƙila babu shi. Haka kuma wanda bai san abin da ya haƙo ba, ba shi da bakin ciniki. Mai saye ya zo da tabarau da ma'auni, mai sayarwa ya zo da yunwa. Abin da ya auku a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ya isa ya nuna cewa jahiltar dutse tana iya cin rai.

Saboda haka ina ganin abubuwa uku sun wajaba. Na ɗaya, taswirorin da Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya ta tara, wadda asalinta ya faro tun 1919, da sakamakon binciken jami'o'i irin su ta Ahmadu Bello da ta Jos, su sauko daga kanta su isa ƙananan hukumomi da fadojin hakimai cikin bayani mai sauƙi. Na biyu, masu haƙa su haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai su nemi izini. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa mallakar ma'adanai ga Gwamnatin Tarayya, dokar ma'adanai ta 2007 kuma ta tanadi lasisi ga ƙananan masu haƙa. Ƙungiya tana iya ɗaukar masani ya duba wuri kafin a sa diga, abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Na uku, a fara gwaji da ƙananan ramuka a wanke tsakuwa a gani, kuma a wajabta cike rami bayan an gama.

A nan ne ɗalibi mai shirin zama malami ya shigo. Da yawa daga cikinku za a tura ku ƙauyukan da suke zaune a kan waɗannan duwatsu, kuma ranar da labarin dutse ya tashi, ajinku ne zai fara zama kango. A irin wannan wuri malami ne ake kawo wa takarda ya karanta, shi ne ake tambaya. Ba a ce ku zama masanan ma'adanai ba. Amma malamin da zai iya ɗaukar dutse biyu daga bayan makaranta ya nuna wa yara bambancin mai manyan ƙwayoyi da mai ƙanana, ya bayyana musu dalilin da ya sa abu mai nauyi yake taruwa a kwanar rafi, ya kuma gaya wa iyayensu inda za su je a duba musu, ya yi wa garin aikin da zai daɗe ana cin moriyarsa.

9.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa dutsen wuta yana hulɗa da duwatsu masu daraja ta fuska uku. Yana yi wa daiman da safaya da zabarjadi dako, yana ba aƙiƙ da ametis da ofal masauki, yana kuma haifar da tofas da tomalin da akwamarin. An kuma ga yadda wannan tsari ya bayyana a Biu da Mambila da Jos da Keffi, kamar yadda ya bayyana a Kimbali da Wollo. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, mai shiga rami kuwa ya fi kowa bukatar fitila. Kafin matashi ya jinginar da gonar gado ya sayi diga, ya kamata a sami wanda zai tambaye shi: wane irin dutse ne a wurin, kuma me aka san irinsa yana ɗauke da shi? Idan ba shi da amsa, to ya fara neman ta tukuna.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana bambancin da yake tsakanin basal da rayolait da giranait.
2. Me ake nufi da cewa dutsen wuta ɗan dako ne? Kawo misalai biyu.
3. Don me aka fi samun safaya a cikin tsakuwar rafi?
4. Marubucin ya kwatanta mai haƙa da manomi. Tattauna dacewar wannan kwatance ko rashin dacewarsa.